In ka hana yaro kallo, me ka ba shi ya kalla?

A yawancin gidajenmu yau, mai zaɓa wa yara fim ba ya kwana cikin gidan. Yana can bakin kasuwa ko ƙofar tasha, zaune cikin ƴar rumfa da kwamfutarsa da tulin salulolin da ake caji. Yaro ya miƙa masa kart da dala goma ko dala ashirin, shi kuma ya zuba masa abin da ake yayi. Ban ce mai turi mugu ne ba. Sana'arsa yake yi, kuma abin da aka fi tambaya shi yake ajiyewa. Amma bai san shekarun ɗiyarka ba, bai san abin da ke hana ta barci da dare ba, kuma ba shi za a kira ba ranar da ta fara maimaita maganar da ba a gidanku ta ji ta ba.

Ni mai son kallo ne, ba na ɓoye wa kowa. Na fi shekara ashirin ina riƙe da alli a nan Maraɗi, kuma duk taron iyaye da malamai da na zauna, in an taɓo zancen fim, kuka ake yi: ya ɓata tarbiyya, ya cinye lokacin karatu, ya koya wa yara rawar kai. Cikin kukan akwai gaskiya. Sai dai da wuya ka ji wani ya ambaci sunan fim ɗaya da yake so, wanda zai iya zama tare da ɗansa su kalla ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mun iya cewa «kashe wannan abin», amma ba mu tanadi abin da za mu kunna a madadinsa ba. Shi ya sa na ga ya dace in buɗe jakata in nuna muku abin da ke ciki, ko wani ya samu abin ɗauka, ko kuma ya ƙara mini da nasa.

Ƴan zamaninmu sun san kallo a matsayin abin taro. Gidajen silima na da ba su da rufi, sai an yi duhu ake farawa, mutum ɗari nawa suna dariya tare, suna yi wa bos ihu tare. Daga baya aka yi zamanin bidiyo kulob, zana da benci da injin wuta yana ƙara a baya. A gida kuwa, tele ɗaya ce a tsakar gida, Tele Sahel ce kaɗai tasha, kuma in abin kunya ya gifta, tarin da kaka za ta yi ya isa kowa ya kau da kai. Yanzu yaro shi kaɗai ne ƙarƙashin gidan sauro, allo a tafin hannunsa, waya a kunnensa. In a YouTube yake, bidiyo na ƙarewa wani zai tashi da kansa, domin an gina manhajar ne ta riƙe mai kallo, tana auna abin da ya daɗe a kai ta kawo masa irinsa.

Akwai kuma wani abu da ke salwanta a hanya. Waɗanda ke kama tashoshin Faransa da kwano sun san ƴar alamar da ke fitowa a gefen allo: -10, -12, -16, -18. Hukumar tace finafinai ta Indiya ma tana da nata: U na kowa da kowa, A na manya zalla, UA a tsakani. Kano ta kafa tata hukumar tun 2001. Amma da zarar an fassara fim, an canza masa suna, an tura shi daga kart zuwa kart, duk wannan ya ɓace. Fim ɗin da aka hana ɗan shekara goma sha bakwai shiga a garin da aka yi shi, sai ga shi a hannun ɗan shekara tara a Tibiri, da Hausa garau, har an ƙara masa barkwancin da babu shi a asali.

Wannan damuwa ta girme mu. A 1966 Moustapha Alassane, wanda ya yi shekarunsa na ƙarshe a Tawa kafin rasuwarsa a 2015, ya yi wani ɗan gajeren fim mai suna Le Retour d'un aventurier. Saurayi ne ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi. Ya rarraba wa abokansa, kowa ya ɗauki sunan Bature, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Da farko abin dariya ne, daga baya wasa ya zama jini. Shekara wajen sittin ke nan wani ɗan ƙasar nan ya ga yadda matasa ke sa rigar abin da suka kalla, kuma da fim ya ba da amsa. Duk lokacin da na nuna wa manyan ɗalibaina shi, ba sai na yi wa'azi ba. Su da kansu suke fara lissafa sunayen fadodin unguwa da inda aka aro su.

To, ni me nake so? Da fim ɗin Indiya na buɗe ido, kamar kowa. Sholay na 1975 ban san sau nawa na kalle shi ba, kuma har gobe in na ji kiɗan Disco Dancer sai ƙafata ta motsa, ko da ina gyaran kayen yara. Da finafinan Kano suka zo, daga Turmin Danya na 1990 zuwa su Sangaya da Wasila, na bi su da zumuɗi, don a karon farko mutanen da ke cikin akwatin suna gaisawa irin gaisuwarmu. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya sa ni dariya har da hawaye. Sai dai da shekaru suka ja, bakina ya canza. Na gaji da labarin da tun minti biyar na farko na san kishiya ce muguwa, boka zai shigo, a ƙarshe wani ya haukace ya tona asirin kansa. Na gaji da jarumin da zai doke mutum arba'in gashin kansa bai motsa ba. Yanzu abin da nake nema shi ne fim ɗin da zan ga mutum yana aikinsa, yana kuskure, yana biyan kuɗin kuskuren, kuma bayan an kashe tele a samu abin da za a yi gardama a kai har a sha shayi na uku.

In aka bi wannan ma'auni, namu na gida nake sawa gaba. Sani Magori ɗan Galmi ne, kuma a 2008 ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon, inda ranar auren wata yarinya ta rataya a kan yadda albasar mahaifinta za ta yi da kuma farashin da za ta samu. Duk wanda ya taɓa jiran kaka kafin ya sa ranar biki zai ga kansa a ciki. A 2010 ya yi Koukan Kourcia, wato kukan kurciya. Wata zabiya ce, Hussey, wadda a ƙuruciyarta waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su tafi bida ƙasashen gaɓar teku. Da yawa sun tafi ba su dawo ba, cikinsu har da mahaifin shi mai fim ɗin. Sai ya lallashi tsohuwar, ya ɗauke ta har Abijan, don ta yi musu waƙar da za ta kira su gida. Da Hausa ake magana a ciki, kuma a ajin da kusan kowane yaro yana da wa ko kawu a Libiya ko Aljeriya ko Legas, ba a rasa mai share ido.

Aïcha Macky ƴar Damagaram ce. L'Arbre sans fruit na 2016 a kan rashin haihuwa yake, kuma da kanta ta fara, ta nuna yadda ake ɗora wa mace laifin ita kaɗai. Wannan na iyaye ne, mata da miji su kalla tare in sun iya. Zinder na 2021 kuwa ya shiga unguwar Kara-Kara, wajen matasan da ake kira ƴan pale, ya zauna da su ya saurare su: mai ɗaga ƙarfe, mai safarar mai, wanda ya tuba ya kama kabu-kabu. Akwai tabon wuƙa a ciki da maganganu masu nauyi, don haka ba na ƙananan yara ba ne. Amma duk malamin da ya taɓa korar yaro daga aji ya kamata ya ga inda wasu korarrun ke ƙarewa. Sai Marcher sur l'eau na Aïssa Maïga, shi ma na 2021, wanda aka ɗauka a wani ƙauyen Azawak, inda neman ruwa ke raba yara da aji, ya raba iyaye da gida.

Na da ma suna nan, kuma abin takaici ne yaranmu su san sunan kowane jarumin Bombay amma su ɗauka Oumarou Ganda sunan gidan wasa ne kawai a Yamai. Shi ne ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Indocin, abokan cin mushe suka cinye kuɗinsa suka watse. Shi ne kuma ya yi Le Wazzou polygame, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972, karo na farko da aka ba da ita. Da Zabarmanci aka yi su, amma halin da suke nunawa babu garin da babu shi. Ga masu koyar da tarihi akwai Sarraounia na Med Hondo, na 1986, wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, a kan yadda sarauniyar Lugu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Akwai kisa a ciki, sai ƴan lise. Daga ƙetaren iyaka kuma akwai Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, sai aka samo shi aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Hausar da ke cikinsa kaɗai darasi ce.

Ga ƙananan yara, finafinan Iran biyu ne suka fi yi mini aiki. Na farko shi ne na Majid Majidi na 1997, wanda a Faransanci ake kira Les Enfants du ciel. Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra gyara, ya ɓace a hanya, kuma sun san babansu ba shi da kuɗin sabo. Sai suka riƙa karɓa-karɓa da nasa: ita ta je lakwal da safe, ta sheƙo da gudu ta cire masa, shi kuma ya ruga. Daga baya aka sa gasar gudu wadda kyautar na uku takalmi ne, sai ga yaro yana roƙon Allah ya zo na uku. Ba zan faɗi ƙarshen ba. Na biyu shi ne na Abbas Kiarostami na 1987, Où est la maison de mon ami ?, inda yaro ya taho gida da kayen abokinsa bisa kuskure, alhali malam ya yi alkawarin korar abokin in ya sake yin aikin gida a wata takarda. Fim ɗin gaba ɗaya neman gidan abokin ne a ƙauyen da ke maƙwabtaka, yana tambayar manya, babu mai sauraronsa. Yara suna ganin amana a ciki. Mu manya kuwa kanmu muke gani cikin waɗanda ba su saurara ba.

Akwai kuma Sur le chemin de l'école na 2013, wanda ya bi yara a Kenya da Maroko da Ajantina da Indiya a hanyarsu ta zuwa makaranta: wani yana kauce wa giwaye, wani a kan doki, wani ƙannensa na tura shi a keken guragu. Da kuma The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, labarin gaskiya na William Kamkwamba ɗan Malawi, wanda aka kora daga makaranta saboda kuɗi a shekarar yunwa, ya koma ɗakin karatu, ya haɗa injin iska da tarkacen keke har ya samu lantarki. Bayan na nuna wannan, sati guda ɗalibai suna kawo mini tambayoyi a kan dinamon keke, abin da darasin kimiyya na wata ɗaya bai jawo ba.

Mu malamai kuwa, da ina da iko da na sa kowane sabon mushe ya kalli Taare Zameen Par na 2007 kafin a damƙa masa aji. Ishaan ɗan shekara takwas ne, haruffa suna juye masa a ido, gida da makaranta duk sun yanke cewa malalaci ne, har wani malamin zane, wanda Aamir Khan ya fito a matsayinsa, ya duba kayensa ya lura cewa kurakuran iri ɗaya ne suke maimaituwa. A ajinmu mai ɗalibi tamanin ko ɗari, Allah kaɗai ya san Ishaan nawa ke zaune a bencin baya. Haka nan fim ɗin Umar Mukhtar na Mustafa Akkad, wanda ya yi Ar-Risala. Mutane suna tuna shi da yaƙi da Italiyawa da ratayewar 1931, ni kuwa abin da ya fi zauna mini shi ne dattijon malamin allo ne, yana cikin karantar da yara aka kira shi fagen daga.

Za a ce, to ina ake samun waɗannan? Na farko dai, bakin mutane ya fi kowace manhaja. Ina da wani tsohon kaye da nake rubuta sunan duk fim ɗin da wani ya yaba mini, da sunan wanda ya yaba, don da sannu za ka gane wanda bakinku ya zo ɗaya. Wani direban babbar mota ne ya fara gaya mini labarin zabiya Hussey. Na biyu, a riƙa bin sunan darakta fiye da na jarumi. Jarumi yana iya fitowa a fim goma a shekara, mai kyau da maras kyau, amma wanda ya yi aiki da natsuwa sau ɗaya yakan sake. Na uku, jerin finafinan da suka ci kyauta a FESPACO, wanda ake yi duk bayan shekara biyu, yana nan a intanet, kuma hanya ce mai kyau ta sanin abin da Afirka ke yi. A nan za ka gamu da su Wend Kuuni na Gaston Kaboré da Yaaba na Idrissa Ouédraogo daga Burkina, waɗanda ƙauyukansu kamar namu ne.

Gaskiya namu na Nijar sun fi wuyar samu. Wasu suna YouTube, wasu sai a cibiyoyin al'adu ko wajen masu majigin da ke zagaya ƙauyuka. In ka tambayi mai turi, zai kalle ka kamar ka yi masa yaren aljanu. Amma a ci gaba da tambaya. Ɗan kasuwa ne, in iyaye goma suka nemi abu ɗaya cikin wata guda, zai nemo shi. In kuma akwai hanyar saya ko biyan kuɗin kallo, a biya, don mai fim ma da cefane a kansa.

Ƙa'ida ɗaya ce ba na karyawa: ba na kunna wa yara abin da ban fara kalla ni kaɗai ba, ko wa ya yaba shi. In babu lokaci, ko tsallake-tsallake a yi, a duba farko da tsakiya da wuraren waƙa. In kuma fim ɗin da rubutun Faransanci yake a ƙasa, ina tsayarwa in fassara, wani lokaci in sa babba cikin yaran ya karanta wa ƙannensa. Karatu ne ya yi bai sani ba.

Na san akwai iyayen da suka rufe ƙofar kallo gaba ɗaya saboda addini ko tsoron abin da ke ciki, kuma ina girmama su. Kowa ya fi sanin gidansa. Abin da kawai zan ce shi ne salular abokin ɗanka ba ta san dokar gidanka ba, kuma yaron da bai taɓa jin babba ya auna fim a gabansa ba, ba shi da sikelin da zai auna abin da za a nuna masa a bayan aji. Maganar lokaci ma gaskiya ce. A gidana babu kallo daren da gobe akwai lakwal, kuma in jarrabawa ta matso, tele hutu take yi.

Bakinmu a gida ma ba ɗaya ba ne, kuma ban nemi ya zama ɗaya ba. Uwargida ba ta haɗa Labarina da komai, ta san ranar da sabon kashi ke fita fiye da yadda na san ranar albashi. Yaran suna bin Daɗin Kowa da Gidan Badamasi, babbar kuma ta fi son na Indiya masu dogon zango, waɗanda ni minti goma nake yi in fara hamma. Su kuma suna ce wa nawa «finafinan Baba da ba a faɗa». Sai muka yi yarjejeniya: daren Asabar ɗaya nawa, ɗaya nasu, kuma wanda ya zaɓa shi zai faɗi dalilin zaɓinsa. Ba na raina abin da suka kawo, don yaron da ka yi wa dariya a kan abin da yake so, gobe ɓoye maka zai yi. A irin wannan zama na ji ɗiyata tana cewa jarumar wani shiri ta cika haƙurin da ya zama wauta, ƙaninta yana musa mata. Na yi shiru ina saurare, don a nan na san yadda kowannensu ke kallon aure da zalunci, abin da da na tambaye su kai tsaye ba za su faɗa ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ɗanɗano ma haka yake. Wanda ya tashi da miya mai daɗi yana gane lami ko ba a gaya masa ba. Don haka ga roƙona ga ƴan'uwa malamai da iyaye kafin babban hutu ya zo: kowa ya zauna ya tuna finafinai uku da suka taɓa shi, ya sake duba su da idon uba ko na uwa, ya rubuta sunayensu. A yi musanyar takardun a ɗakin malamai, a wajen suna, a fada. Makarantar da ke da wuta ko faranti mai hasken rana, ta ware yamma ɗaya a wata, a kafa farin zane a bango, a gayyaci iyaye su ma su zauna, a bar rabin awa ta hira bayan an gama. In mutum goma suka kawo uku-uku, an samu talatin, sun isa hutu har su yi saura.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa idanunsu su riƙa sauka a kan abin da zai amfane su.